Tsimi da Tanadi: Baitoci Huɗu da Sharhinsu

Da sunan Allah nake farawa, ina gode masa bisa ni'imominsa, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, mas'alar da nake son warwarewa ita ce wannan: mutumin da ya rage kashe kuɗi a kan abin da bai zama dole ba domin ya ajiye wani abu, shin rowa ya yi? Shin ya saɓa wa tawakkali? Na tsara amsata a baitoci huɗu, kowane baiti da sharhinsa.

Ya kai mai son ka tsira da mutuncinka,
Auna tuwonka daidai da hatsin rumbunka.

Sharhi. Ka sani, ya ɗan'uwa, malaman usulu irin su Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, da Imamu Shaɗibi, wanda ya rasu a 790, sun kasa maslahohin mutane kashi uku: larura, da buƙata, da ƙawa. Ni kuwa na ari wannan ma'auni domin aljihun magidanci. Larura ita ce abin da in babu shi rai ko lafiya ko addini zai salwanta, kamar abinci da magani da suturar rufe al'aura. Buƙata ita ce abin da in babu shi za a rayu amma cikin ƙunci, kamar abin hawa ga mai fatauci. Ƙawa kuwa ita ce abin da in ya samu madalla, in bai samu ba babu abin da ya ragu, kamar riga ta biyar ga mai riga huɗu. Ƙawa halal ce, ban ce haramun ba. Aibin yana zuwa ne sa'ad da aka ciyar da ita da kuɗin larura.

Dubi manomi a ƙasar Maraɗi ko Damagaram. Da kaka, lokacin da gero ya cika kasuwa kuma tiya ta yi arha, a lokacin ne bukukuwa suke yawa, sai ya buɗe rumbu ya sayar domin anko da kaɗe-kaɗe. Idan damina ta tsaya, ga noma ga rumbu wayam, sai ya koma kasuwar nan ya sayi geron da ya sayar, da tsada, ko ya ci bashin da zai biya da damman da bai riga ya girbe ba. Ya yi hasara sau biyu a kan hatsi ɗaya. Na birni ma haka ne, sai dai nasa rumbun yoyo yake yi a hankali. Dala ashirin, wato sefa 100, ba kowa ke kallonta a bakin kuɗi ba, amma wanda yake zubar da ita kullum a kan katin waya na hirar banza, a kwana 365 ya zubar da sefa 36,500.

Idon mutane ba ya biya maka bashinka,
Ran da mai bi ya tsaya ƙofar zaurenka.

Sharhi. A nan cutar take. Na lura mafi yawan abin da muke ɓarnatarwa ba domin jin daɗin kanmu muke sayensa ba, domin kada a ce ne. Kada a ce lefen 'yar wane ya fi, kada a ce ragon sunan wane ya fi girma. Ga gwaji mai sauƙi da nake ba duk mai son gane ƙawa daga buƙata: ka tambayi zuciyarka, da a ce babu wanda zai ga wannan abu, babu wanda zai ji labarinsa, zan saye shi? In amsar a'a ce, to, kuɗinka ne za ka bayar ka sayi maganar mutane, ita kuwa maganar mutane kwana uku take yi, bashin kuwa ya shekara. Masana tarbiyyar zuciya suna tsoratarwa daga riya cikin ibada, ni kuwa ina cewa tana da ƙanwa cikin kashe kuɗi, kuma uwarsu ɗaya, wato neman matsayi a zukatan bayi.

Wani zai ce mini: malam, biki zumunci ne, kuma abin da mace ta kai gidan bikin ƙawarta ajiya ce, ran nata bikin za a mayar mata. Wannan magana gaskiya ce, kakanninmu sun ƙago wannan al'ada domin kada nauyi ya faɗa kan mutum ɗaya. Amma da aka shigo da sharaɗin riɓanyawa, na kawo miki jika ki mayar mini da jika biyu, sai taimako ya koma bashi mai hauhawa, har mace ta sayar da akuyarta domin ta fita kunya. A riƙe zumunci, a je da ƙafa, a kai abin da ya sawwaƙa, a bar gasar.

Hakkin iyali da iyaye na wuyanka,
Kada tsimi ya kai ka tauye wajibinka.

Sharhi. Wannan baiti shi ne iyaka tsakanin tsimi da rowa. Alƙur'ani, a cikin Suratul Isra'i da Suratul Furƙani, ya zargi ɓangarori biyu, maƙon hannu da sakinsa gaba ɗaya, ya yabi tsakaitawa. A fiƙihunmu na Malikiyya, ciyar da mata da 'ya'ya ƙanana da iyaye matalauta wajibi ne, haka zakka idan nisabi ya cika. Duk wanda ya rage cefane har yara suka kwana da yunwa, ko ya ƙi kai matarsa asibiti, sa'an nan ya ce tanadi yake yi, wannan marowaci ne azzalumi. Saboda haka ƙa'idata ita ce: mai tsimi ya fara da kansa. Ya duba goronsa da shayinsa na majalisa da shaddarsa kafin ya duba tukunyar gida. Wanda ya rage nasa ya bar na iyali ya yi tsimi. Wanda ya rage na iyali ya bar nasa ya yi zalunci, ko da ya cika rumbu goma.

Kuma a bambance ajiya da ɓoyewa. Mai ajiye hatsin gonarsa domin cin shekara ya yi hankali. Mai saye hatsin kasuwa lokacin ƙunci ya kulle yana jiran mutane su galabaita farashi ya tashi, shi ne shari'a ta zarga.

Abin da ka rage yau, guzurin gobenka,
Da shi kake tsayawa ga ɗan'uwanka.

Sharhi. Saura batun tawakkali. Masu cewa ajiya rashin dogara ga Allah ce, ina tunatar da su abu uku. Na farko, Annabi Yusufu, aminci ya tabbata gare shi, ya shawarci mutanen Masar su bar hatsin shekaru bakwai na yalwa a zangarniyarsa, su ci kaɗan, domin shekaru bakwai na tsanani. Na biyu, ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya kasance yana ware wa iyalinsa abincin shekara. Na uku, zakkar kuɗi ba ta wajaba sai dukiya ta shekara a hannun mai ita, sa'an nan a fitar da ɗaya cikin 40. Da ajiya laifi ce, da shari'a ba ta gina rukuni a kanta ba. Tawakkali aikin zuciya ne, tanadi kuwa aikin hannu, kamar manomi da yake shuka yana roƙon ruwa. Abin tsoro shi ne zuciya ta jingina ga rumbu ta manta da wanda ya cika shi.

Ƙasar Nijar ta sha karatun wannan darasi. An yi fari a 1973 da 1984, an yi ƙarancin abinci a 2005 bayan fara da ƙarancin ruwan 2004. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada. A 2023 aka rufe iyakoki, farashi ya sake tashi. Wanda ya zauna a irin wannan ƙasa yana kashe duk abin da ya samu ran da ya samu, ya jefa iyalinsa cikin haɗari da hannunsa. Kuma darasin 1994 ya nuna kada a zuba ajiya duka a takardar kuɗi: a raba, wani a hatsi, wani a tunkiya ko akuya, wani a adashi wurin amintattu.

Babbar riba kuwa ita ce wannan. Ran da maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofa da dare ɗansa ba lafiya, wanda ya ƙarar da kuɗinsa wajen liƙi ba shi da abin bayarwa sai sannu. Mai tanadi shi ne zai sa hannu a aljihu. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Saboda haka nake cewa tsimi na gaskiya bawan kyauta ne, kuma da wannan alama ake gane shi: in ajiyarka tana sauƙaƙa maka bayarwa ran buƙata, tanadi ne. In kuwa kullum tana ƙara maka jin zafin bayarwa, to, rowa ce ta shigo da rigar tanadi, sai a gaggauta yi mata magani da sadaka.

Allah ya azurta mu da wadatar zuci, ya tsare mu daga nauyin bashi da ƙasƙancin roƙo, ya sa albarka a kaɗan ɗinmu. Amin.