Kalmomin Ibrananci da Saiwoyinsu: Nasiha ga Ɗalibin Ilimi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda ya sanya bambancin harsuna cikin ayoyinsa, kamar yadda ya zo a Suratur Rum. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, koyon harshen wasu jama'a abu ne mai asali a addini. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa ƙware cikin kimanin rabin wata, har ya zama shi ke karanta wasiƙunsu yana rubuta amsa.

Wanda ya yi karatun zaure ya riga ya ci rabin tafiya, domin Ibrananci da Larabci 'yan gida ɗaya ne. Haruffan Ibrananci 22 ne, ana rubuta su daga dama zuwa hagu, kuma jerinsu na alef, bet, gimel, dalet shi ne abajada da almajiri ya haddace. Kalmominsa ma, kamar na Larabci, galibi kan saiwa mai haruffa uku suke tsirowa. Malaman Yahudawa da kansu a inuwar nahawun Larabci suka gano haka. Yahuza ɗan Ƙuraishu, mutumin Tahart a Aljeriya ta yau, ya aika wa Yahudawan Fas wasiƙa yana kwatanta Ibrananci da Aramiyanci da Larabci. Hayyuju na Ƙurɗuba ya tabbatar da ƙa'idar haruffa uku wajen shekara ta 1000, sannan Ibn Janah ya wallafa Kitabul Usul. Duka da Larabci suka rubuta.

Don haka kada ka haddace kalmomi tsurarsu. Fara da na kullum: bayit gida, yad hannu, yom yini, laila dare. Sannan ka kula da yadda haruffa ke musanya. Sinun ta Larabci takan koma shinun: salam ya zama shalom, ra'as ya zama rosh, lisan ya zama lashon. Zalun kan koma zayin, sai zahab, wato zinariya, ya zama zahav. Ka riƙe ƙa'ida ɗaya, kalmomi masu yawa su buɗe maka.

Amma a yi hattara, kama da wane ba ta wane. Lehem a Ibrananci burodi ne, alhali lahmu a Larabci nama ne. Saiwa ɗaya ce, ma'ana ta rabu, kowa ya ɗora ta kan abincinsa.

Wasu kalmomin kuma baƙi ne da suka zauna. Abba da ima, uba da uwa, daga Aramiyanci suke. Pardes, lambun itatuwa, daga tsohon Farisanci ya fito, asalinsu ɗaya da Firdausi. A kan titi kuwa za ka ji yalla da sababa, aro daga bakin Larabawan Falasɗinu. Akwai kuma ƙirar zamani. Eliezer Ben-Yehuda, wanda ya isa Ƙudus a 1881, ya duƙufa wajen mayar da harshen littafi harshen gida da kasuwa. Shi ya ƙera milon, ƙamus, daga mila, kalma. Kwamfuta suna ce mata mahshev, daga saiwar da ta ba Larabci hisabi, ta ba mu lissafi.

Sanin harshen mutane ba yarda da aikinsu ba ne. Hanya ce ta jin maganarsu daga bakinsu, ba tare da dogaro da tafinta ba. Ka gyara niyya, ka ƙarfafa sarfunka na Larabci tukuna, ka nemi malami amintacce, ka bi kowace kalma har saiwarta. Allah ya ba mu ilimi mai amfani. Shi ne Mafi sani.