Yaushe ake sakar ma yaro?

Mai karatu, a ƙasashen Turai da Amurka iyaye suna koya ma yara tuƙin ƙaramin jirgin sama na wasa, wanda ake juyawa daga ƙasa da akwatin radiyo. Jirgin da tsada, kuskure guda ya isa ya farfasa shi. To, uba ya hana, ko ya saki?

Ga dabararsu. Ana haɗa akwati biyu da waya, guda ga uba, guda ga yaro. Muddin uba na danne da maɓalli, yaro ke tuƙi. In jirgi ya nufo ƙasa, sai uba ya ɗaga yatsa, tuƙi ya komo hannunshi. Can sama sosai ake koyo, don kuskure ya samu wurin gyara. Kuskure kuwa ba makawa: in jirgi ya fuskanto ka, damarshi ta zama hagunka.

Duba gidanka. Uba mai ƙwacewa kullum, jirginshi zai tsira, amma ɗanshi ba zai iya ba. Mai saki ɗungum, jirgi ya fashe, yaro ya tsorata. Bar ɗanka ya yi kuskure tun kana kusa, don wata rana akwati guda zai rage.