Aikin Awa Ɗaya a Jibiya

A 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta sauya ma'auni: wanda ya yi aikin kuɗi na awa ɗaya a mako, mai aiki ne. Rashin aikin yi ya faɗo daga kashi 33.3 zuwa 4.1.

A watan Agustan shekarar aka rufe iyakar Jibiya bayan juyin mulkin Nijar. Ɗan dako a Magama, bakin iyakar, ya wuni zaune, amma lodi ɗaya ya isa a lissafa shi cikin masu aiki.

Musulunci ya wajabta wa magidanci ciyar da iyali. Awa ɗaya ta sauke wannan nauyi? Alƙaluman ba su tambayi ko an ɗora tukunya ba. Ita kuwa iyakar, sai a watan Maris na 2024 Najeriya ta buɗe ta.