Ko Daidai Ne Ja-gora Ya Haɗiye "An Ce"?

Manyan jiragen ruwa na masu yawon duniya sukan tsaya a Kushadasi, ƙasar Turkiyya. Mai hali yakan ɗauki ja-gora nasa shi kaɗai, a kai shi kangon Afisa inda Bulus ya yi wa'azi, kāna a hau dutse a nuna masa wani ɗaki, wai nan Maryamu ta ƙare kwanakinta. Ɗakin kuwa sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka gano shi, bisa ga wahayin wata Bajamushiya wadda ba ta taɓa taka ƙasar ba.

Mu ma muna da namu. Daga nan Rido mutum ya iya zuwa kufan Turunku ya komo a yini guda. Can akan ba da labarin Sarauniya Amina tiryan-tiryan, alhali masana ba su ko daidaita a kan ƙarninta ba, na 15 ne ko na 16.

To, ja-gora maƙaryaci ne? A ganina baƙo ma yana da nasa alhaki, gama ya biya, jirginsa na tashi da maraice, ba ya son jin "wataƙila." Duk da haka ban wanke ja-gora ba. "An ce" kalma biyu ce tak, ba ta cin lokaci. Yakan haɗiye ta ne don kada tukuici ya ragu.