Tana Wajen Kakarta

Ɗan ƙanwata ne ya sa na kalli Clannad. Yana cikin samarin nan na Ƙofar Durbi da ke zama bayan sallar isha'i, kowa da wayarsa, suna tura wa juna katun ɗin Japan da suke kira anime. Na daɗe ina ɗaukar abin wasan yara, sai ranar da na tarar da shi a zaure idanunsa sun yi jawur, ya ce, "Kawu, don Allah ka kalli wannan."

Kamfanin Kyoto Animation ne ya yi shirin, kashi na biyu mai suna After Story ya fito daga 2008 zuwa 2009. Labarin Tomoya ne, saurayin da ya tashi babu uwa, ba ya ga maciji da mahaifinsa mashayi tun da wani faɗa tsakaninsu ya lalata masa kafaɗa. Ya haɗu da Nagisa, yarinya mai yawan laulayi, 'yar masu gidan burodi. Finafinanmu na soyayya kan tsaya ranar ɗaurin aure, shi kuwa wannan ya bi ma'auratan har cikin ɗakin hayarsu. Tomoya ya kama aikin gyaran wutar lantarki, Nagisa ta samu ciki. Ranar naƙuda dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyi, ta haihu a gida, 'ya mace, Ushio, sannan rai ya yi wa Nagisa halinsa.

Abin da ya biyo baya ne ya hana ni barci. Tomoya ya bar jaririyar hannun surukansa har shekara biyar. Yana nan cikin garin, yana zuwa aikinsa, ya koma wa taba da giya da caca, amma da wuya ya leƙa 'yarsa, don fuskarta na tuna masa marigayiya. Mai kallo zai tausaya masa, ni ma na tausaya. Duk da haka sunan abin da ya yi gudun nauyi, kuma baƙin cikinsa bai sauke masa haƙƙin yarinyar ba.

Irinsa suna da yawa a garin nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Da yawansu sun bar jariri yana tsala kuka. Mun san yadda ake yi. A yi zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai, kaka ta wajen uwa ta goya jikanta ta tafi da shi. Wannan daidai ne. Ko a Risala da muka karanta a makarantar zaure, reno na uwar uwa ne in babu uwa, ciyarwa kuma na uba. Bayan 'yan watanni mutumin ya sake aure, wannan ma halal ne, babu mai ganin laifinsa. Ɓarnar a hankali take shigowa. Ziyarar kullum ta koma ta Juma'a, ta Juma'a ta koma ta Sallah. Da kaka a aika buhun gero, da azumi a aika yadin ɗinki. In an tambaye shi 'yarsa, ya ce, "Ai tana wajen kakarta," kamar mai faɗin inda ya ba da ajiya.

Wasu kuma kunya suke fakewa da ita, musamman in ɗan fari ne. Ina son kunyarmu, ban so mu rabu da ita. Iyayenmu ba sa kama sunan ɗan fari, amma sun san ranar da ya kwana da zazzaɓi, sun san takalminsa ya tsinke. Wanda bai san ajin da 'yarsa take ba, kada ya ɗora wa kunya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ja salla da jikarsa Umama a kafaɗa, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya sake ɗaukarta, a gaban sahabbai.

A cikin shirin, surukar Tomoya ce ta yi dabara ta haɗa shi tafiya a jirgin ƙasa da yarinyar, su biyu. A can ya gamu da kakarsa, ta ba shi labarin yadda mahaifin nan da ya tsana ya rasa mata yana matashi, ya rungumi ɗansa shi kaɗai, ya ƙarar da ƙarfinsa wajen ciyar da shi. Ushio kuwa tana cikin furanni tana ta neman ɗan abin wasan da ya saya mata a hanya, ta ƙi haƙura, don shi ne abu na farko da ubanta ya taɓa ba ta. Nan ya gane, ya rungume ta suka yi kuka. Abin da na fi girmamawa shi ne masu shirin ba su tsaya kan hawayen ba. Tomoya ya ɗauko Ushio ya kawo ɗakinsa, yana kai ta makaranta, ya je ya sasanta da mahaifinsa.

Ƙarshen labarin ne ban yarda da shi ba, inda wani haske ya mai da zamani baya Nagisa ta rayu. Wanda ya tafi ya tafi, shekara biyar ɗin yaro ma haka.

A lungunmu akwai yarinya 'yar shekara shida da uwarta ta rasu wajen haihuwarta. Juma'ar da ta wuce ubanta ya zo kan babur, bai ko kashe shi ba, ya miƙa wa almajiri leda ya shigar cikin gida. Ta fito daga zaure ta durƙusa har ƙasa, ta ce, "Ina wuni," yadda ake gaida baƙo. Ya ce, "Lafiya lau, ki gaida Hajiya." Ta tsaya bakin ƙofa tana kallonsa har ya sha kwana.