Mas'alar Wanda Ya Ajiye wa Kansa Kwafin Shirin Talabijin

Daga cikin mas'alolin da zamani ya zo da su, waɗanda magabata ba su gan su da ido ba amma suka bar mana mizanin auna su, akwai ta mutumin da yake biyan kuɗin kallo wata-wata, ya naɗi wani shiri a akwatin da kamfani ya ba shi, sa'an nan, don gudun kada akwatin ya lalace, ya nemi ya juye shirin a wani wuri domin kallon kansa da iyalinsa, sai ya tarar an garƙame shi da kulle na asiri wanda ba ya buɗuwa sai a cikin wannan akwati kaɗai. Ran da akwatin ya mutu kuwa, ko da faifan cikinsa lafiya ƙalau yake, in aka ciro shi aka jona wa sabo, ba abin da zai fito a allo sai umarnin a goge faifan a soma daga farko.

Hukumomin duniya sun daɗe suna kai da kawowa a kan wannan. A Amurka, kamfanonin Universal da Disney sun kai Sony ƙara a 1976 saboda na'urar Betamax, har Kotun Ƙoli ta yanke a 1984, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, cewa naɗar shiri a gida domin a kalle shi daga baya ba laifi ba ne. Amma a 1998 aka kafa dokar da ta haramta karya kullen kansa, sai abin da kotu ta halatta ya koma bayan ƙofar da doka ta hana a taɓa. A Japan, tun 2004 naɗi ɗaya tak aka yarje, sai a 2008, bayan koke ya yi yawa, aka ƙara zuwa goma: tara na kwafi, na goma kuwa ƙaura ce, asalin ya goge.

To, a wajen malamanmu fa? Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin mawallafi dukiya ce wadda Shari'a ta kiyaye, ko da yake akwai malamai, irin su Mufti Muhammad Shafi na Pakistan, da suka ga cewa wanda ya sayi abu ya mallaki yin yadda ya so da shi. Sai dai ni a ganina wannan saɓani bai kai ga gaɓar da muke magana a kanta ba, domin mutuminmu bai yi nufin sayarwa ba, bai yi nufin rabawa ba, bai kuma rage wa mai shiri ko anini ba. Abin da ya fi kusa da ita shi ne bambancin da Imam Ƙarafi, Bamalike, wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya kawo a littafinsa Al-Furuƙ, tsakanin wanda ya mallaki manfa'ar abu, kamar mai hayar gida da yake da ikon zaunar da wani, da wanda aka ba shi izinin amfani da kansa kawai, kamar ɗalibin da aka ba ɗaki a makarantar waƙafi. Mai biyan kuɗin kallo yana cikin kashi na biyu, saboda haka ba shi da ikon miƙa wa wani. Amma ajiyar da ya yi domin kansa ba ta fitar da shi daga iyakar izinin ba, kuma kiran ta sata wuce gona da iri ne.

Abin da ya rage shi ne sharaɗin da kamfani ya gindaya, kuma nan ne mas'alar take da nauyi, domin Musulmi mai cika alkawari ne, ko da an rubuta alkawarin da ƙananan baƙaƙe waɗanda ba kowa ke karantawa ba. Wanda ya karɓi sharaɗin a fili, ko yake zaune a ƙasar da hukuma ta hana karya kulle, tsantseni shi ne ya bari. Amma ban ga dalilin ɗora masa zunubin ɓarawo in ya yi ba, tunda illar da aka sa kullen dominta, wato yaɗa shiri ba da izini ba, babu ita a aikinsa, alhali cutar da yake gudu tabbatacciya ce.

Kada kuma a ce ai kamfani zai adana. BBC da kanta ta goge kasakasai masu yawa a shekarun 1960 da 1970 domin ta sake naɗa a kansu, har shirin Doctor Who ya rasa kashi da dama. Tara daga cikinsu, waɗanda aka sanar da samunsu a 2013, a Jos aka tsinto su, a ma'ajiyar wata tashar talabijin, inda aka bar fina-finan da ƙa'ida ta ce a mayar ko a lalata. Sauran da ba a samu hotunansu ba kuwa, muryoyinsu sun tsira ne ta hannun 'yan kallo da suka naɗe su a gidajensu lokacin da ake nunawa.