Kallon Halittu A Bakin Gulbi: Tafakkuri Ko Lagawu?

A Dagona ta Jihar Yobe, cikin fadamar Haɗeja da Nguru, akwai wurin da aka keɓe domin tsuntsayen da ke tasowa daga Turai idan hunturu ya kama. Baƙi kan tafi can su kwana, ba don farauta ba, sai don kallo kawai. Yarima Filib na Ingila ma ya ziyarci wurin a 1989. Manomin Boɗinga ko masuncin Shagari da ya ji wannan labari yana iya cewa, ashe mai ƙoshi ba ya rasa abin ɓata lokaci! Shi da yake kwana yana tashi da zalɓe da dinya da kirinjijiya a bakin ruwa, bai taɓa jin an biya kuɗi don a gan su ba. To, shin wannan kallo lagawu ne, ko kuwa yana da gurbi a Musulunci?

Alƙur'ani Mai girma bai bar mutum cikin duhu ba. A Suratul Mulki, aya ta 19, an ja hankalin bayi ga tsuntsayen da ke shawagi a sama, da Wanda Yake riƙe da su. A Suratul An'am, aya ta 38, an bayyana cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar 'yan Adam. Saboda haka wanda ya zauna a bakin gulbi bayan sallar Asuba yana lura da yadda shamuwa ke komowa gab da damina, ba ta ɓata hanya, har zuciyarsa ta girmama Mahalicci, ya yi tafakkuri, kuma yana tsammanin lada.

Amma kallo yana da haƙƙi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a halin tafiya, Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya umurce su da su mayar mata. Ashe wanda ya yarda cewa tsuntsu aya ce, bai kamata ya zuba guba a tafki don kama kifi ba, ko ya sare itacen da ake sheƙa a kai ba tare da larura ba. Shari'a ba ta hana manomi korar jan-baki daga gonar gero ba, domin tunkuɗe cuta halal ne. Abin da ta hana shi ne kisa don wasa.

Haƙƙi na biyu ya fi nauyi. Baƙon da ya kashe dukiya ya ƙirga tsuntsaye, amma idonsa bai faɗa kan yaran da ke cika tsohon kwalekwale su ƙetare ruwa neman itacen girki ba, rabin ayar ya karanta. Wanda Ya ciyar da belbela Shi ne Ya wajabta haƙƙin mabukaci a dukiyar mawadaci. In ya biya mai fito ladansa cikakke, ya sayi kifin masunci ba da tayin wulaƙanci ba, ya bar wurin da tsabta, to tafiyarsa ta yi albarka.

Shi kuwa mazaunin bakin ruwa, sabo ne hijabinsa: abin da wani ya ƙetare teku don ya gani, Allah Ya ajiye masa a bayan gida kyauta, kuma za a tambaye shi yadda ya riƙe shi.

Allah Ya buɗe basirar Musulmi, amin.